Ranar da Dawakan Taurari Suka Cika Dalaran

Ranar Alhamis, 15 ga Afrilun 2010, da tsakar rana aka rufe sararin samaniyar Ingila. Wani dutse ne ya yi aman wuta a tsibirin Aislan, iska ta kwaso tokarsa ta shimfiɗa a kan Turai, hukumomi suka hana jirage tashi. Duk wanda ke zaune a can lokacin zai tuna mutanen da suka yi ta kwana a filayen jirgi. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai game da ranar daban ne, kuma a cikin kwamfuta ya faru.

Ina karatu ne a wani gari na tsakiyar ƙasar, ina haya a ɗaki guda a saman bene. Da yamma na dawo daga laburare, na ɗora ruwan shayi, na kunna kwamfuta na shiga wasan World of Warcraft kamar yadda na saba. Jarumina yana inda na bar shi jiya, a Dalaran, birnin matsafa da ke lilo a sararin sama, wanda a lokacin nan ne matattarar duk wanda ya kai ƙarshen mataki. A kullum idan ka tsaya a ƙofar bankin birnin, abin hawa iri-iri za ka gani: wannan a kan giwa mai gashi, wancan a kan babur, wani a kan damisa, wani kuma a kan ɗan dokinsa na talaka. A ranar doki iri ɗaya ne ya cika titi. Jikinsa shuɗi ne garai-garai kamar gilashi, ana hango taurari a cikinsa, ga fukafukai, ga ƙyalli yana zuba duk inda ya taka. Na fara ƙirga su, da na wuce talatin na daina. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, wasu daga cikin mahayan tufafinsu na sababbin shiga ne, irin waɗanda ko ƙofar babban kogo ba su taɓa gani ba.

Na aika wa ɗaya daga cikinsu saƙo da tambayar da muka saba yi wa juna: "Ina ka samo wannan?" Amsarsa gajeriya ce. Ya ce a shagon wasan, yau aka fito da shi, dala 25.

Kafin mai karatu ya gane dalilin da ya sa wannan amsa ta yi mini nauyi, sai na koma baya kaɗan.

Na isa Ingila a watan Satumbar 2008. Ba a jima ba hunturu ya shigo, rana ta riƙa faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma. Wanda ya tashi a Kano, ya saba da zaman ƙofar gida bayan Isha'i, ana hira ana shan iska, ya san irin kaɗaicin da nake nufi. Wani ɗan Polan da muke gida ɗaya ne ya ga halin da nake ciki ya nuna mini wasan. A tsakiyar watan Nuwamba na shekarar aka fitar da sabon kashinsa mai suna Wrath of the Lich King, gari ya ɗauka, ni ma na sayi nawa na fara biyan kuɗin wata, kusan fam tara.

Tsarin wasan ba shi da wuyar fahimta. Duniya ce guda da dubban mutane ke shiga a lokaci ɗaya ta intanet, kowa da jarumin da ya ƙirƙira. Kana farawa daga mataki na 1, a lokacin ƙarshensa 80. Duk abin da ke jikinka, daga takalmi zuwa kwalkwali, nemo shi ake yi: ko ka kashe dodo ya faɗo daga jikinsa, ko ka yi wa wani aike ya saka maka da shi, ko maƙeri ko tela na cikin wasan ya yi maka. Sunan kowane kaya yana da launi da ke nuna darajarsa. Toka da fari na banza ne, kore ya ɗan fi, sai shuɗi, sai shunayya, sai ruwan goro wanda mutum kan yi shekara bai ga mai shi ba. Kuma a lokacin abin da ka sa shi ake gani a jikinka. Babu ɓoye-ɓoye.

Jarumina mayaƙi ne, mai takobi da garkuwa. Makonnin farko kamar mai tallan gwanjo yake: wando kore, takalmi ja, riga ba hannu, kai ba hula, kafaɗa tsirara. Sai wajen mataki na 20 na sami sulken kafaɗa na farko, wasu 'yan faranti biyu marasa kyan gani. Na tsayar da wasan na yi ta juya jarumin ina kallonsa ta gaba da ta baya. Da na kai mataki na 30, wanda a lokacin shi ne ake yarda mutum ya hau doki, na tattara duk zinariyar da na tara na tafi wani sansanin masu saran itace a dajin Elwynn, na sayi wani akawali talaka da sirdinsa. Makonni na yi ina taka ƙasar nan da ƙafa kafin ranar, saboda haka na san abin da dokin ya rage mini.

A cikin waɗannan makonni ne na shiga Ironforge, birnin da aka sassaƙa a cikin dutse, na ga wani mayaƙi tsaye a gaban banki. Kafaɗunsa kaɗai sun kusa girman jarumina. Sulkensa duka saiti ɗaya ne, launi ɗaya, ƙira ɗaya, ba irin haɗe-haɗen da ke jikina ba. Bai ce komai ba, ba ya ma motsi, amma mutane sun kewaye shi. Wasan yana ba ka damar danna mutum ka duba kayan jikinsa ɗaya bayan ɗaya, na duba na ga shunayya daga sama har ƙasa. Na yi ƙarfin hali na tambaye shi inda ya samo kafaɗun. Ya ce daga Black Temple, sai mutum 25 sun haɗu ake shiga, kuma ƙungiyarsu ta yi watanni tana komawa kafin rabonsa ya zo. Sannan ya ƙara da cewa in kai ƙarshen mataki, in nemi ƙungiya, in koyi tsayawa a gaba.

Amsar nan hanya ce ya nuna mini. Ta gaya mini akwai wani wuri, akwai abin da ake yi a can, kuma ni ma ina iya zuwa. Ban yi barcin kirki ba a daren.

Wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ranar hawan Daushe ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Tun daga nesa, kafin maroƙi ya buɗe baki, kana iya karanta mahayi: yadda ya naɗa rawaninsa, ko akwai kunne biyu a kai, alkyabbar da ke kafaɗarsa, yawan dawakan da ke bayansa. Yadin rawani yana nan a kasuwa, duk mai kuɗi zai iya saye, amma ba kowa ke naɗa shi yadda ya ga dama ya shiga fada ba. Sutura a wurin shaida ce. Haka na tarar da ita a wasan nan, shi ya sa ban ji baƙunta ba.

Na kai mataki na 80 a farkon 2009, na shiga wata ƙaramar ƙungiya ta mutum goma da 'yan kai. Shugabanmu ɗan Siwidin ne, mutum mai sanyin murya wanda ban taɓa jin ya ɗaga ta ba. Mai warkar da mu wata ma'aikaciyar jinya ce daga Sikotlan, takan shigo wani lokaci daga aikin dare ko barci ba ta yi ba. Akwai 'yan'uwa biyu daga Girka, akwai ɗan Polan ɗina, akwai kuma wani dattijo direban bas daga Holan wanda ba ya cikin masu kai farmaki, sai dai ya kama mana kifi ya dafa abincin da muke ci kafin shiga. Dare uku muke haɗuwa a mako, Laraba da Alhamis da Lahadi, kowa da abin magana a kunne. Tun makon farko na gaya wa shugaban akwai lokacin da zan riƙa tashi in yi sallah. Daga ranar, shi da kansa yake duba agogo ya ce a huta minti goma. Har na bar ƙungiyar bai taɓa mantawa ba.

A watan Afrilun 2009 aka buɗe Ulduar, wani katafaren gidan tsafi mai dodanni fiye da goma. Akwai wani dogon jerin bajintoci da aka gindaya a ciki, duk ƙungiyar da ta cika su za a ba kowane ɗanta abin hawa mai tashi, wani dodo mai fukafukai sanye da ƙarafa masu tsatsa, sunansa Rusted Proto-Drake. Mafi wuya a jerin a wurinmu shi ne na Mimiron, wani injiniya mai ƙera injunan yaƙi. A bangon ɗakinsa akwai wani ƙaton jan maɓalli. Idan kun ga dama ku ƙyale shi ku yi faɗan cikin sauƙi. Idan kuka danna, agogo ya fara ƙirga lokacin da ɗakin zai tarwatse, wuta kuma ta tashi tana bin sawun mutane tana yaɗuwa.

Ni ne mai tsayawa a gaba. A kashin farko injinsa mai kama da tankar yaƙi yana zuba mini wuta kai tsaye, ni kuma sai in danna kariyata daidai lokacin, in na yi gaggawa ko na makara da daƙiƙa ɗaya na mutu, kowa ya biyo ni. Da na tsira daga wannan sai in ja da baya a guje tsakanin nakiyoyin da ya shuka. Kashi huɗu ne faɗan, a na ƙarshe injuna uku ke haɗewa su zama ɗaya, kuma dole a kashe su kusan a tare, in ba haka ba su farfaɗo. Ga wuta ta cinye rabin ɗakin. Mako shida muka yi muna mutuwa a wurin. Akwai daren da muka faɗi sau goma sha tara, na rubuta a gefen littafin karatuna. Na san muryar kowa idan ya gaji. Na san lokacin da ma'aikaciyar jinyar nan take shiru saboda hannunta na rawa.

Daren da muka ci, tafin hannuna ya jiƙe har maɓallan suna santsi. Mu uku kaɗai muka rage a tsaye lokacin da injin ya faɗi. Ihun da ya fashe a kunnena da harsuna biyar ne, ni kuma na ji kaina ina ta maimaita Alhamdulillahi, maƙwabcina yana buga bango. Bayan wasu makonni muka cika sauran jerin, dodon ya iso a akwatin saƙo. Muka hau mu goma muka jeru a Krasus' Landing, filin da masu tashi ke sauka a gefen Dalaran. Saƙonni suka yi ta shigowa daga mutanen da ban sani ba. Kusan duka tambaya ɗaya ce, wadda na yi wa mutumin Ironforge shekara guda da ta wuce. Na amsa wa kowa, ɗaya bayan ɗaya, har ƙarfe biyun dare.

To, a wannan hali dokin taurari ya same mu.

Ba shi ne abu na farko da aka sayar da kuɗin gaske a wasan ba. Tun watan Nuwamban 2009 an fara sayar da 'yan dabbobin rakiya a kan dala 10, ba wanda ya damu sosai, don ba su da wani matsayi. Doki kuwa daban ne. Ga kuma lokacin da ya zo. Babban dodon wannan kashi, Lich King, yana da wani doki mai fukafukai, Invincible, wanda a lokacin ba ya faɗowa sai an kashe shi a mafi tsananin salon faɗan, da mutum 25. Sai a ƙarshen watan Maris na 2010 wata ƙungiya daga Finlan mai suna Paragon ta zama ta farko a duniya da ta yi hakan. Bayan mako uku kacal, ga doki mai irin ƙirarsa da irin takunsa, wanda ma ya fi shi haske, a shago. Celestial Steed sunansa. Rahotannin ranar sun ce layin masu jiran biya ya wuce mutum 140,000. Ba wanda ya tilasta musu. 'Yan wasa ne irina suka yi layin nan.

Daren Alhamis ne, daren farmakinmu. Muna taruwa a ƙofar Icecrown, fadar Lich King, sai ga dattijon nan direban bas ya zo yi mana rakiya da kifinsa, a kan dokin taurari. Yana ta zagaya mu cikin murna. Raina ya ɓaci. Na fassara masa karin maganarmu, na ce a wurinmu ana cewa kowa ya ci zomo ya ci gudu, shi wane gudu ya ci? Layin maganarmu ya yi tsit.

Da ya buɗe baki, a hankali ya yi magana. Ya ce tun ƙarfe biyar na asuba yake kan sitiyari. Ya ce idonsa da yatsunsa ba za su iya abin da muke yi ba, ya gwada ya gani. Shekara huɗu yana wasan nan a kan doki irin na kowa, yau ce rana ta farko da wani ya tsaya ya kalle shi. Kuɗin dokin kuma guminsa ne, ba na wani ba.

Na ba shi haƙuri a take, a gaban kowa, kuma har yau ina jin kunyar maganar. Dattijo ne, ya kusa haifata, bai cancanci haka daga gare ni ba. Guminsa gaskiya ne. Sai dai duk da na janye maganar, ban janye damuwar ba, kuma na daɗe kafin in iya faɗin dalili. Gumin da ya yi a wajen wasan ya yi shi, dokin ba ya ɗauke da labarinsa. Ɗan shekara goma sha biyu da ya ɗauki katin bankin babansa, doki iri ɗaya zai hau. Idan ka ga mutum a kan dodon Ulduar ka san ya shiga ɗakin Mimiron ya fito. Idan ka gan shi a kan dokin taurari ba ka san komai game da shi ba, illa cewa an biya.

Masu kare shagon suna da magana ɗaya da suke maimaitawa tun wancan lokaci har yau: ai kwalliya ce kawai, ba ta ƙara wa kowa ƙarfi. Na yarda ba ta ƙara ƙarfi. Amma duk wanda ya daɗe a irin wannan wasa ya san ƙarfin aro ne. A watan Disambar 2010 aka fitar da kashi na gaba, Cataclysm, aka ɗaga mataki zuwa 85. Cikin 'yan kwanaki, kayan shunayyar da muka shekara muna tarawa a Icecrown na cire su ɗaya bayan ɗaya, na maye gurbinsu da koraye da ake ba kowa ladan aike. Haka ake yi duk bayan shekara biyu. Lambobin ƙarfi sharewa ake yi a sake sabon lale. Abin da ya rage mini daga shekaru biyun nan shi ne dodona mai tsatsa, da laƙabin da ke manne da sunana, da hotunan da na ɗauka. Wato abin da ake kira kwalliya kawai, shi ne kaɗai ladan da ba ya ruɓewa. Wanda ya sa shi a kasuwa, tsakiyar wasan ya taɓa.

Akwai kuma abin da ɗan kasuwa ya fi kowa sani. Kayan da kake son a saya dole ya fi na kyauta ɗaukar ido, in ba haka ba wa zai saya? Saboda haka a hankali mafi ƙyallin abin da masu zane suka ƙera yakan gangara shago. Yanzu ka ɗauki sabon shiga. A 2010 an riga an sauko da hawan doki zuwa mataki na 20. Yaron da ya fara wasa shekaranjiya zai iya hawa dokin da ya fi na kowa haske a birnin. Idan ya shiga Ironforge ya ga wani tsaye a gaban banki, me zai sa ya tsaya? Abin da ya hana ni barci a 2008 an riga an cire masa shi tun kafin ya sani.

Ba a rana ɗaya abin ya faru ba. Shi kansa dokin taurari bai ruɗi kowa ba, don duk duniya ta san na saye ne, bayan 'yan watanni ma da yawa sun daina hawansa. Abin da na lura da shi a hankali shi ne saƙonni sun ragu. Mutane sun fara kallon abu mai kyau da zargi, su ce bari mu duba ko na shago ne.

A ƙarshen Nuwamban 2011 aka kawo tsarin sauya kama, wanda ke ba mutum damar ɗora siffar tsohon sulke a kan sabo. Wasu abokaina sun ƙi shi, suka ce yanzu ba za ka kalli mutum ka san ƙarfinsa ba. Gaskiyarsu. Ni dai na so shi, kuma ban ɓoye ba. Na ja abokai biyu muka tafi Black Temple, wurin da a da sai mutum 25, muka yi ta zuwa duk mako har kafaɗun nan na mutumin Ironforge suka faɗo mini. Na san ba irin wahalarsa na sha ba. Amma dai na je wurin, na ga ɗakin, na san sunan dodon. Sauya kama ya raba sutura da ƙarfin yau, bai raba ta da tafiya ba.

Na dawo gida a 2012. Da ɗauke wuta da tsadar intanet da hidimar aiki, farmakin dare uku a mako ya gagara, sai dai in leƙa jefi-jefi. A ɗaya daga cikin leƙen nan ne, a watan Yulin 2013, na tarar an fara sayar da kwalkwali iri uku a shago, kowanne dala 15, ɗaya na wuta, ɗaya na ƙanƙara, ɗaya na duhu. A da abin hawa ne, kana sauka ka bar shi. Yanzu an kai ga jikin jarumin kansa, kuma ga kai, inda ido ke fara sauka. Daga nan sai abin ya zama ruwan dare. A 2018 an fito da wata ƙatuwar dabba mai dogon wuya, mai ɗauke da kasuwar gwanjo a bayanta, a kan zinariyar wasa miliyan biyar, mutane suka yi watanni suna fatauci a cikin wasan don su mallake ta. A watan Oktoban 2024 aka sa 'yar'uwarta mai ado da zinariya a shago a kan dala 90.

Ban ce kowane wasa haka hukuncinsa yake ba. Akwai irin su Path of Exile, wanda aka fitar a 2013, kyauta ake shiga, da kuɗin kwalliya masu shi ke biyan ma'aikata. Wanda bai karɓi kuɗin ƙofa ba dole ya ci abinci ta wata hanya, ban ga laifinsa ba, ko da yake a can ma wanda bai saya ba yakan kai ƙarshen wasa jaruminsa bai yi kama da wanda ya yi nisa ba. Abin lura shi ne inda mutane ke komawa idan aka ba su zaɓi. A watan Fabrairun 2013, bayan 'yan wasan RuneScape sun kaɗa ƙuri'a, aka dawo musu da wasansu yadda yake a 2007, kuma a can har yau idan ka ga mutum da mayafin wuta a bayansa ka san dodon da ya kashe. A ƙarshen Agustan 2019 aka buɗe tsohon salon World of Warcraft, ba shagon dawaki, ba sauya kama. Na tayar da janareta na shiga daga Kano. Bayan 'yan makonni na ga abin da na yi shekaru ban gani ba: mutum tsaye a gaban bankin Ironforge da kafaɗun shunayya, jama'a sun yi masa zobe suna dubawa.

Saboda haka idan aka tambaye ni ko kwalliyar saye tana rage darajar ci gaban da ake gani a jikin jarumi, amsata ita ce tana ragewa, kuma da idona na ga lokacin da ta fara. Ba ta ƙwace mini daren Mimiron ba, wannan yana nan. Abin da ta ɗauke shi ne yadda baƙo zai kalle ni ya karanta daren a jikina, ya ji shi ma yana son zuwa.

Da ƙaramar sallar da ta wuce, ɗan yayata ya zo mini yawon sallah. Shekararsa goma sha huɗu, wayarsa cike take da wasannin harbi, kuma rabin kuɗin goron sallarsa a kayan kwalliyarsu yake ƙarewa. Ina neman wasu takardu a tsohuwar kwamfutata sai hoton nan ya fito, mu goma a jere a Krasus' Landing a kan dodanni masu tsatsa, dattijon Holan a ƙasa yana ɗaga mana hannu. Yaron ya matso ya ƙura ido.

"Kai, Kawu, wannan naka ne? Nawa ka saya?"

Na ce masa ba a sayarwa.

Ya juyo ya dube ni. "To, ya aka yi ka samu?"

Na jawo masa kujera. Na ba shi labarin jan maɓalli, da wutar da ke bin sawu, da daren faɗuwa goma sha tara, da mutumin Siwidin da ke duba mini lokacin sallah. Na gaya masa gaskiya cewa yanzu jarumi ɗaya mai ƙarfi yana iya shiga Ulduar shi kaɗai ya gama a yini guda, don wasan ya yi gaba ya bar wurin. Har aka kira Magariba wayarsa tana kife a cinyarsa bai taɓa ta ba. Muna hanyar masallaci ya ce idan ya gama jarrabawa zai zo in buɗe masa tsohon salon wasan. Na ce ya zo, amma ya sani a can sai mataki na 40 ake hawa doki, kafin nan da ƙafa zai yi tafiyar. Ya ce ya yarda.